KUƊIN KWALBA DA LAFIYAR GARI

Maganarmu ta yau a kan wani abu ce wanda ko wannenmu ya kan riƙe a hannu kusan kullum, in ya gama da shi kuwa sai ya yar, ba ko waiwaye. Ina nufin kwalbar lemo, da gwangwani, da gorar roba wadda a ke sayad da ruwa ko lemo a ciki.

Watakila wani zai ce, "Ina ruwan malamin asibiti da kwalba? Ai shi aikinsa allura da ɗaurin gyambo." To, a yi mini haƙuri a ji. Cututtuka da yawa waɗanda mu ke fama da su a ɗakin magani, in an bi sawunsu, sai a tarar daga kwata suka fito, ko kuwa daga juji. In ka tsaya bakin kwatar unguwarku ka duba abin da ya cika ta, lalle ba za ka rasa ganin fankon gora da gwangwani da leda tuli ba.

Akwai ƙasashen da suka kusan raba titunansu da irin wannan shara ta wurin wata 'yar dabara wadda mu ma mun san ta tun da daɗewa. Dabarar ita ce a ɗora wa ko wace kwalba kuɗi, mai saye ya biya, ran da ya komo da fankon a mayar masa da kuɗinsa. Zan fara gaya muku ɓarnar da fanko ya ke yi wa lafiya, sa'an nan yadda a ke aiki da dabaran nan a ƙasar Jamus, daga ƙarshe kuma abin da ya rage namu.

ƁARNAR DA FANKO YA KE YI

Na fari, sauro. Gwangwani ko gora da aka yar a bayan ɗaki, da an yi ruwan sama sai ɗan ruwa ya kwanta a ciki. Ruwan da bai wuce cokali biyu ba ya ishi macen sauro ta saka ƙwai. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama tsutsa, tsutsa ta zama sauro mai fiffike. Akwai wani irin sauro baƙi mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafa, wanda ya ke cizo da rana. Shi ba abin da ya ke so kamar ruwan da ya kwanta cikin gwangwani, ko tsohuwar taya, ko kasko. Ƙwansa ya kan manne a jikin gwangwani ya yi watanni a bushe bai mutu ba, sai damina ta komo ya ƙyanƙyashe. Shi ne ya ke ɗaukar zazzaɓin shawara, wanda ya sake ɓulla a Nijeriya a 2017, da zazzaɓin dengi, wanda aka tabbatad da shi a Sakkwato a 2023. Sauron maleriya da muka saba da shi ya fi son kududdufi da ruwan da ya kwanta a ƙasa. Amma akwai wani baƙo cikin danginsa, asalinsa daga Asiya, wanda aka fara gani a Jibuti a 2012, aka kuma same shi a Jihar Gombe a 2020. Shi kuwa cikin mazuban ruwa na gida ya ke haihuwa.

Na biyu, toshewar kwata. Ganye ya kan ruɓe, takarda ta kan ruɓe, amma gorar roba ta kan fi wanda ya yar da ita daɗewa a duniya. In goruna suka taru a bakin kwalbati sai su toshe shi. Ruwa ya rasa hanya, ya komo cikin gidaje, ya shiga masai ya kwaso ƙazanta, ya gangara da ita cikin rijiya. Daga nan sai amai da gudawa da zazzaɓin taifot. A 2021 mutanen da aka lissafta sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya sun fi 100,000, waɗanda suka rasu sun fi 3,000, mafi yawansu kuwa a jihohin Arewa. Ba gora kaɗai ta jawo wannan ba, amma duk abin da ya gama ruwan masai da ruwan sha, to, ya taimaki cutar.

Na uku, yanka. Fasasshiyar kwalba da bakin gwangwani su kan ɓuya cikin ƙasa inda yara su ke wasa ba takalmi. Rauni mai zurfi wanda ƙasa ta shiga cikinsa shi ne ƙofar ciwon sarƙe-haƙora, ciwon da ya kan kashe wanda ba a yi masa allurar rigakafi ba.

Na huɗu, guba. Fankon da ya zauna a gida ba ya daɗewa ba a sama masa aiki ba. Sai a zuba kalanzir a ciki, ko fetur, ko fiya-fiya, a ajiye a gindin gado. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya ya ga gorar da ya saba shan lemo a cikinta, ya kafa kai. Wannan yana cikin manyan hanyoyin da ƙananan yara su ke shan guba a ƙasan nan.

Na biyar, hayaƙi. Wanda shara ta dame shi ya kan tara ta ya cinna mata wuta da magariba. Baƙin hayaƙin roba ya kan shiga ɗakuna ya tayad da tari, ya tsananta wa masu ciwon asma, da tsofaffi, da jarirai.

DABARAR DA MUKA RIGA MUKA SANI

Tun da aka fara ɗura lemo a kwalba a Ikko cikin shekarun 1950, ciniki ya ke tafiya bisa ƙa'ida ɗaya. In za ka tafi da lemo gida, mai kanti ya ce ka kawo fanko, in babu ka ajiye kuɗin kwalba. Har gobe haka a ke yi da kwalba da kiret. Motar kamfani ba ta sauke kiret cike sai ta ɗauki na fanko a madadinsa.

To, ku lura da abin da wannan ya haifar. Da wuya ka ga lafiyayyar kwalbar lemo kwance a kwata. In wani ya yar da ita da hantsi, kafin la'asar wani yaro ya tsince ta. Mutumin da ya ke lallaɓa kwalba ya mayar wa mai kanti, shi ne kuma ya ke jefad da gora ta tagar mota. Halinsa bai sake ba. Bambancin kawai shi ne kwalba tana da kuɗi a kanta, gora ba ta da ko kwabo. Abin da waɗansu ƙasashe suka yi shi ne suka ɗauki tsohuwar ƙa'idan nan ta kwalba suka ɗora wa gora da gwangwani, suka kuma mai da ita doka.

YADDA A KE YI A JAMUS

Jamusawa suna kiran kuɗin nan Pfand, watau jingina, irin yadda mutum ya kan jinginad da gonarsa ko agogonsa, in ya biya ya karɓi abinsa.

A 1991 Gwamnatinsu ta yi doka ta ce cikin kashi 100 na abin shan da a ke sayarwa, aƙalla 72 ya kasance cikin kwalabe waɗanda a ke wankewa a sake cikawa. In abin ya kasa haka, to, za a sa jingina ta tilas a kan gwangwani da gora masu amfani sau ɗaya. A 1997 lissafi ya kasa. Kamfanoni da manyan kantuna suka yi ta gardama har gaban alƙali, amma ran 1 ga Janairu, 2003, zamanin da Jürgen Trittin ya ke ministan muhalli, doka ta fara aiki.

Da fari abin bai yi daɗi ba. Sai ka mai da gora kantin da ka saye ta, da rasit a hannu, kafin a ba ka kuɗinka. Matafiyin da ya sayi ruwa a tashar jirgin ƙasa ta Berlin ya sauka a Hamburg, shi ke nan kuɗinsa ya tafi. Mutane da yawa suka gaji suka riƙa zubarwa. Sabo da haka aka gyara. Tun daga 1 ga Mayu, 2006, duk kantin da ya ke sayad da abin sha cikin gorar roba tilas ya karɓi ko wace gorar roba mai jingina, ko a ina aka saye ta. Haka kuma mai sayad da na gwangwani. Ƙananan kantuna, waɗanda faɗinsu bai wuce murabba'in mita 200 ba, su aka yi wa sauƙi, iyakar irin abin shan da su ke sayarwa za su karɓa.

Kuɗinsu Yuro ne, santi 100 ke yin Yuro ɗaya, kamar kwabo da naira. Ko wane gwangwani da ko wace gora mai amfani sau ɗaya, ƙarama ko babba har mai cin lita 3, jinginarta santi 25 ce. A kantuna masu araha wani lokaci jinginar ta kan fi kuɗin ruwan da ke cikin gorar. Kwalabe waɗanda a ke sake cikawa kuwa nasu bai kai haka ba, santi 8 ne ko 15, fankon kiret kuma Yuro ɗaya da rabi. A 2022 aka daɗa gorunan ruwan 'ya'yan itace cikin dokar, a 2024 kuma na madara.

A ƙofar kusan ko wane babban kanti akwai wani inji mai baki kamar na tanda. Ka sa gora a bakin, inji ya juya ta, ya karanta baƙaƙen layukan nan da ke jikin takardarta, ya duba wani tambari wanda aka buga da tawada ta musamman domin kada a yi jabu. In ta cika sharaɗi ya haɗiye ta ya murƙushe ta nan take, don kada wani ya sake kawo ta ya karɓi kuɗi sau biyu. In ka gama sai ka danna maɓalli, ya fito maka da 'yar takarda. Ka kai wa mai karɓar kuɗi, ko ya ba ka kuɗi a hannu, ko ya rage maka cikin sayayyarka. Waɗansu kantuna sun sa wani maɓalli ko akwati domin wanda ya ke so ya bar kuɗinsa sadaka ga masu ciyad da matalauta.

Wani zai tambaya, to, wa ya ke biyan kuɗin nan duka? Ku bi shi da ni. Kamfanin da ya ɗura lemo ya karɓi santi 25 daga mai kanti. Mai kanti ya karɓi santi 25 daga gare ka. Kai ka mai da fanko wani kanti dabam, ya ba ka santi 25. Inji ya riga ya rubuta ko gorar wane kamfani ce, sai kantin nan ya aika da lissafi a biya shi daga aljihun kamfanin. Kuɗi ya zaga ya koma inda ya fito. Ba haraji ba ne, gama wanda ya mai da fanko bai yi hasarar kome ba. Wanda ya yar da nasa shi kaɗai ya yi hasara, ya ci kansa tara ke nan da hannunsa.

Amfanin da aka samu kuwa, cikin ko wace gora ko gwangwani 100 masu jingina, wajen 98 su kan komo. 'Yan kaɗan ɗin da a ke bari a titi ma ba su kwana, domin akwai tsofaffi da marasa aiki waɗanda su ke zagawa da jaka suna tsinta. Har ya zama al'ada a manyan biranensu, wanda ba ya son ɗaukar fankonsa ya kan ajiye shi a gindin kwandon shara maimakon ya jefa ciki, domin mai tsinta ya ɗauka ba sai ya cusa hannu cikin ƙazanta ya yanke ba. Waɗansu garuruwa ma sun ɗaura wa kwandunan zobban ƙarfe na ajiye kwalabe.

INA FANKON YA KE ZUWA?

Kwalbar da a ke sake cikawa ta kan koma kamfani. Can a jiƙa ta cikin ruwa mai zafi ƙwarai da soda mai kaifi, a ɗauraye ta, a wuce da ita gaban fitila da na'ura masu neman tsaga ko datti, sa'an nan a cika ta. Kwalba ɗaya tana iya zagawa har sau 50 kafin ta gaji.

Gwangwani a kan narke shi a yi sabo. Narka tsohon gwangwanin alminiyam ba ya cin wuta sai wajen kashi 5 cikin 100 na abin da za a ci in daga ma'adinin ƙasa aka faro. Da sabon gini gara yaɓe.

Gorar roba a kan ware ta bisa ga launi, a daddatsa ta ƙanana kamar ɓawon gyaɗa, a wanke da ruwan zafi. In an zuba cikin ruwa sai robar murfi ta taso sama, ta jikin gora ta nutse, da haka a ke raba su. Sa'an nan a narke a yi sabuwar gora, ko zaren tufafi, ko abin cusa matashin kai. Gorar da ta komo ta hanyar jingina ta fi wadda aka tono daga juji daraja, gama ba ta gauraya da ƙazanta ba, sabo da haka ta fi dacewa a sake yin mazubin abin sha da ita.

DARASI DAGA WAƊANSU ƘASASHE

Abu uku ne su ke sa dabaran nan ta yi aiki, ko wanne kuwa akwai ƙasar da ta gwada mana shi.

Na ɗaya, kuɗin ya zama wanda mutum zai ji zafin barinsa. Jihar Oregon ta Amurka ta yi dokarta a 1971, jingina santi 5 na dala. Shekaru suka wuce, santi 5 ya rasa daraja, mutane suka yi sanyi, har abin da ke komowa ya sauka wajen kashi 64 cikin 100. A 2017 aka mai da jingina santi 10, ba a daɗe ba ya haura 80.

Na biyu, wurin mayarwa ya zama kusa. Ƙasar Lituweniya ta fara a 2016, jingina santi 10 na Yuro, ana karɓa a kantunan da mutane su ke sayayya. Kafin nan gora ɗaya ce cikin uku a ke samu. Kafin ƙarshen 2017 ana samun fiye da 90 cikin 100.

Na uku, masu kamfani su ga ribarsu a ciki. A Norwe akwai haraji a kan ko wace gora da gwangwani, amma gwargwadon yawan abin da aka tattaro, gwargwadon raguwar harajin. In an kai kashi 95 sai a ɗauke wannan harajin ɗungum. Sabo da haka kamfanonin da kansu su ke ɗawainiyar tattarawa. A ƙasan nan ce kuma waɗansu 'yan'uwa biyu, Petter da Tore Planke, suka kafa kamfanin Tomra a 1972, suka ƙera wa wani mai kanti a garin Asker injin karɓar kwalabe.

Amma kada wani ya ce sai da inji. Jihar Ostireliya ta Kudu ta fara tata jinginar a 1977, da wuraren karɓa inda mutane ne su ke ƙirga fanko da hannu su biya. Ƙasar Ayalan kuwa sai ran 1 ga Fabrairu, 2024, ta fara. Tarayyar Turai ta sa wa ƙasashenta wa'adin 2029 su riƙa tattara kashi 90 cikin 100 na gorunansu.

ABIN DA JINGINA BA TA IYA YI

Gaskiya ita ce dabaran nan ba ta warkad da kome da kome. Jamusawa sun yi dokarsu ne da nufin kare kwalabe masu sake cikawa, amma sai mutane suka saba da gora mai amfani sau ɗaya, tun da ga inji yana karɓa. Rabon kwalabe masu sake cikawa, wanda a ke so ya tsaya a 72, ya faɗi ƙasa da rabi. Titi ya tsabtata, amma yawan robar da a ke ƙerawa bai ragu yadda aka so ba. Har wa yau jingina ba ta taɓa sauran shara, kamar ledar cefane, ko irin ledar ruwan da mu ke sha a nan, wadda ita ma babbar mai toshe kwata ce.

TO, MU FA?

A kantunanmu ba a karɓar jingina a kan gora ko gwangwani. Abin da ya ke rage mana su shi ne wahalar 'yan gwangwan da masu tonon bola, waɗanda su ke tarawa su sayar bisa sikeli. Sun cancanci godiya, ba reni ba. Amma gora ba ta da nauyi, sai an tara 40 ko fiye kafin a sami kilo ɗaya. Don haka mai tsinta ya kan fi kula da ƙarfe, gorar da ta yi nisa da dillali kuwa sai a bar wa kwata. Jingina bisa ƙirga a ke biyanta, gora ɗaya kuɗinta, nan ne ta fi sikeli. Ran da hukuma ta tashi kafa irin wannan tsari, ya kamata ku da wakilanku ku tambayi abu uku: kuɗin ya isa a damu da shi? Akwai wurin mayarwa a ko wace unguwa da kasuwar ƙauye? An sa masu tsinta a ciki, ko an kore su daga abincinsu?

Akwai kuma wata hanya da gora ta ke komowa hannunmu, ita ce ta fi damun ma'aikacin lafiya. Zoɓo, da kunun aya, da fura, da man gyaɗa, duk cikin tsohuwar gora a ke sayad da su. Sake amfani da abu ba laifi ba ne. Laifin shi ne ba a san inda gorar ta kwana ba. Wata daga juji aka tsinto ta, wata daga kwata, wata marar lafiya ne ya sha a cikinta, wata kuwa maganin ƙwari aka taɓa zubawa. Ɗauraya da ruwan sanyi ba ta kashe ƙwayoyin cuta, gama su ba a ganinsu sai da madubin likita.

Ke uwargida mai sana'ar zoɓo, ba sai kin jira doka ba. Ki sami gorunanki masu kyau daga inda kika amince, ki yi musu alama, ki ɗora ɗan kuɗi kaɗan a kan ko wace ɗaya, wanda ya komo da ita ki mayar masa. Da haka kin san gorarki, kin rage kuɗin sayen wata, ƙofar gidanki kuma ta huta da shara. Shugabannin makaranta, da na tashar mota, da masu shirya biki ko wasan ƙwallo, su ma suna iya yin haka a wurarensu. A Jamus ma haka a ke yi da kofuna a filayen ƙwallo da kasuwannin biki.

ABUBUWAN DA ZA KU RIƘE

1. Kada a yar da gora ko gwangwani a kwata, ko ta tagar mota. A tara su cikin buhu a inuwa, inda ruwan sama ba ya taɓawa, a ba masu saye.

2. Sau ɗaya ko wane mako, musamman da damina, maigida ya zaga bayan ɗakuna ya kife ko ya kwashe duk abin da zai tare ruwa.

3. Kada a ƙone roba kusa da gida.

4. Kada a zuba kalanzir, ko fetur, ko maganin ƙwari cikin gorar abin sha. In yaro ya sha kalanzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, gama in ya yi amai kalanzir ya kan shiga huhu. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da gorar.

5. Gorar da aka tsinto daga juji, ko kwata, ko harabar asibiti, ko wadda ta ke warin mai ko magani, ba ta abinci ba ce ko an wanke ta. A murƙushe ta a sayar a sikeli.

6. Gorar da za a sake zuba abin sha a ciki, a wanke ta ciki da waje da sabulu da buroshi, har da murfi da wuyanta. Sa'an nan a zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na bilic, irin na wankin farin kaya marar turare, cikin lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa gorar 'yan mintoci, a ɗauraye da ruwan sha mai tsabta, a kife ta bushe. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki, kada kuma a zuba tafasasshen ruwa cikin gora, gama ta kan motse. Wadda ta karce ko ta dushe, a rabu da ita.

7. Mai dafa zoɓo ko kunu ta yi aiki da ruwa mai tsabta, ta wanke hannu da sabulu kafin ɗuri.

8. Fasasshiyar kwalba a naɗe ta cikin takarda mai kauri kafin a kai juji. Wanda kwalba ko gwangwani ya yanka ya wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, ya zo asibiti a duba ko yana bukatar allurar sarƙe-haƙora. Masu tsintar gora su sa takalmi da safar hannu.

Jama'a, duba-gari ba zai iya tsayawa a bakin ko wace kwata ba, wa'azin tsabta kuma mun daɗe muna yi. Abin da ƙasashen nan suka gane shi ne abin da mai kantin unguwarku ya sani tun tuni, watau abin da ke da kuɗi a kansa ba ya kwana a bola. Kafin tsarin ya iso gare mu, kowa ya tsare fankonsa kamar da kuɗi a kansa, gama in an duba kuɗin maganin zazzaɓi da na ƙarin ruwa, lalle kuwa akwai. Rigakafi ya fi magani.

Mako mai zuwa za mu yi magana a kan rijiya da yadda a ke tsare bakinta da damina. Kafin nan, a huta lafiya.